Wata Bakwai Muna Jiran Sabuwar Mota: Darasin Da Muka Koya A Jidda

 Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan shafi namu mai farin jini, in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya kusa zubar mini da mutunci a idon dattawan unguwarmu. Ni dai haifaffen Jidda ne. Kakannina daga ƙasar Katsina suka taso suka zo aikin hajji, zama ya kama su, har aka haifi iyayenmu, aka haife mu. Irinmu ne ake kira Takari. Karatuna a sakandare ya tsaya, kuma 'yan uwana matasa sun ɗora mini nauyin shugabancin ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai. Saboda haka ba da sunan masani nake wannan rubutu ba, illa dai wanda ya sha wuya, wuyar kuma ta tilasta masa yin tambaya.

A ƙarshen shekarar 2023 muka zauna muka yanke shawarar sayen mota guda domin hidimar jama'armu. Muna da tsofaffi masu zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, ga mata da naƙuda kan kama su cikin dare, kuɗin tasi kuwa ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Aka yi karo-karo, matasa suka kawo, mata masu sayar da abinci suka kawo, har tsofaffin da kansu suka kwance bakin zane. Wani dattijo mai takardun ɗan ƙasa ya yarda a yi rajistar motar da sunansa. Muka ce tunda kuɗin jama'a ne, gara sabuwa fil, kada mu sayi ta hannu ta riƙa kwana a gareji. Muka je wani shagon baje kolin motoci, wanda ba zan ambaci sunansa ba, muka biya kafin alƙalami, abin da Larabawa ke kira arbun. Mai shagon ya ce mako shida kacal. Ya ba mu rasit mai ɗauke da adadin kuɗin, amma babu ranar kawo mota a jikinsa, mu kuwa murna ba ta bar mu mun lura ba.

Mako shida ya wuce, aka shiga na goma. Duk ranar da na je sai a ce mini motar tana cikin teku. Aka yi azumi, aka yi ƙaramar salla, aka yi babbar salla, motar tana cikin teku. Nan fa ƙananan maganganu suka fara yawo a unguwa. Wata rana wata tsohuwa, ƙawar kakata, ta tare ni a ƙofar gida ta ce, “Ɗan nan, zo ka gaya mini tsakaninka da Allah, kun ci kuɗin ne?” Na durƙusa na ce, “Iya, wallahi ko riyal ɗaya ban taɓa ba, ga rasit.” Ta dubi takardar ta ce, “To, takarda ce za ta kai Malam asibiti?” Ban sami abin cewa ba. Sai a watan Yuli na 2024 motar ta iso, bayan wata bakwai, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin da aka yi niyyar sayenta dominsu ya riga mu gidan gaskiya bai taɓa shigarta ba.

Cikin waɗannan watanni na yi ta tambayar makanikai a Sana'iyya, da direbobin manyan motoci masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa. Abin da na fahimta shi ne, duk wanda ya biya kafin alƙalami a kan motar da ba ya gani da idonsa, layi ya saya, kuma bakin wannan layi yana wata ƙasa mai nisa da bai ma san sunanta ba. Al'ummar da ba ta ƙera abin da take hawa, jira ne rabonta, ko tana da kuɗi ko ba ta da shi.

Mu fara da inda ake ƙera motocin. Mu dai mun tashi mun ji iyayenmu suna cewa wannan ta Japan ce, waccan ta Amurka ce, wancan ƙarfen Jamus ne, kuma da sunan da ke goshin mota ake yanke hukunci. Wannan zamani ya wuce. Akasarin Toyota Hilux da ke yawo a titunan Jidda a ƙasar Tailan ake haɗa su. Toyota Camry da aka daɗe ana hawa a nan, shekaru da dama daga Ostareliya ake kawo ta, har zuwa 2017 da aka rufe masana'antar da ke kusa da Melbourne. Haka ma Chevrolet Caprice da mutanenmu ke ɗauka tsantsar ta Amurka ce, ita ma a Ostareliya aka riƙa yin ta har wannan shekarar. MG suna ne na Ingila, amma kamfanin SAIC na ƙasar Sin ne ke da shi, a can kuma ake ƙera ta. Ford Taurus da ake sayarwa a ƙasashen nan a 'yan shekarun baya daga Sin take zuwa. Hyundai na Koriya ta Kudu yana da babbar masana'anta kusa da Chennai a Indiya, inda yake turo ƙananan motoci zuwa nan. Mu ma tamu motar, suna na Japan ne da ita, amma da ta iso muka tarar a wata ƙasar Asiya daban aka haɗa ta.

Ba wai ina cewa motar Tailan ko ta Indiya ba ta da inganci ba ne. Abin nufi shi ne mai saye ya san hanyar da kayansa za su biyo. Kuma sanin ba shi da wuya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma cikin takardun mota. Farkon lambar yana nuna ƙasar da aka yi ta. Idan ta fara da J, Japan ce. Idan L ce, Sin. W ta Jamus ce, KM ko KN Koriya ta Kudu, MR Tailan, MA Indiya, 1 ko 4 ko 5 kuwa Amurka. Dillalin da ya ce maka motarka ta taso amma ya kasa ba ka wannan lamba, to ka san akwai lauje cikin naɗi, don motar da aka riga aka ƙera ba ta rasa lamba.

Bugu da ƙari, ko ita masana'antar da ke haɗa motar, jiran wasu take yi. Mota guda tana ɗauke da sassa kusan dubu 30 idan aka ƙirga har da ƙananan kusoshi, kuma ɗaruruwan kamfanoni ne a ƙasashe daban-daban ke yin su. Kamfanonin mota na yanzu ba sa tara kaya a sito, sai ranar buƙata ake kawo musu, domin rage kashe kuɗi. Tsarin yana da riba idan lafiya lau ake, amma da zarar abu ɗaya ya yanke, aiki duka ya tsaya. An ga haka a 2011, lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa Japan a watan Maris, sannan ambaliya ta cinye masana'antu a Tailan a ƙarshen shekarar. An sake gani daga 2020 zuwa 2022, lokacin da annobar korona ta haddasa ƙarancin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin laturoni da ke sarrafa injin da birki da fitilu, waɗanda ƙasashe ƙalilan irin su Taiwan da Koriya ta Kudu da Japan ne suka fi yin su. Ana cikin haka gobara ta tashi a masana'antar Renesas da ke Japan a watan Maris na 2021, abin ya ƙara ta'azzara. Har ta kai a farkon 2022 kamfanin Toyota ya sanar da masu son sabuwar Land Cruiser a cikin Japan kanta cewa jiran zai iya kai shekara huɗu. To idan mai gida yana layi, ina ga baƙo?

Sai kuma maganar teku, wadda ita ce ta ritsa da mu. Jidda tana bakin Bahar Maliya, kuma Bahar Maliya ƙofa biyu gare ta: mashigin Suwez daga arewa, da Babul Mandab daga kudu, tsakanin Yaman da Jibuti. A watan Maris na 2021 jirgi ɗaya tak mai suna Ever Given ya gitta a Suwez, ya toshe hanya har kwana shida, duniya ta ji a jikinta. A ranar 19 ga Nuwamba 2023 kuwa 'yan Huti na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader, wanda shi kansa na dakon motoci ne, daga nan hare-hare a kan jiragen kasuwanci suka yawaita. Manyan kamfanonin jiragen ruwa da dama suka daina bin Babul Mandab, suka koma zagaye Afirka ta ƙasan Afirka ta Kudu. Ga jirgin da ya nufi Turai, ƙarin kwana goma ne zuwa mako biyu. Ga mu da ke tsakiyar tekun, abin ya fi muni, domin kayan da suka taso daga Asiya ko dai su zagaye nahiya guda su shigo mana ta Suwez, ko a sauke su a Dammam da ke gabashin ƙasar a ɗauko su a tirela tafiyar sama da kilomita 1,200. Ko a Jamus sai da masana'antar Tesla da ke kusa da Berlin ta dakatar da yawancin aikinta na mako biyu a farkon 2024 saboda rashin isowar sassa. Mu kuwa a daidai watan da wutar ta kama muka je muka ajiye kuɗin marayu da tsofaffi, ba tare da mun san akwai dangantaka tsakanin labaran da muke ji a rediyo da motar da muke jira ba.

Amma kada wani ya ɗauka ina wanke mai shagon ne. Yaƙin teku ba laifinsa ba ne, amma ɓoye gaskiya laifinsa ne. Ya fi mu sanin halin da ake ciki ranar da ya ce mako shida. Wasu masu shagunan sun mayar da ƙarancin mota hanyar cin kasuwa: su karɓi kuɗin mutum goma a kan mota uku, wadda ta iso kuma su ba wanda ya ƙara farashi, mai haƙuri ya ci gaba da jira. Koke-koke irin waɗannan sun yi yawa a 2022, har Ma'aikatar Ciniki ta Saudiyya ta sanar da matakai a kan wakilan kamfanonin mota, ciki har da fifita ɗaiɗaikun masu saye wajen rabon motocin da aka fi nema. Ma'aikatar tana da lambar karɓar ƙorafi, 1900. Abin takaici shi ne mutanenmu ba sa kai ƙara. Wanda igamarsa ta ƙare tsoro yake ji, wanda tasa ke da rai yana jin kunya, wanda ke da takardun ɗan ƙasa kuma sai ya ce a bar wa Allah. Mai cuta kuwa ya san da haka, shi ya sa yake fara wa da mu.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan uwa, na nan da na gida. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta ranar miƙa mota a takarda, tare da farashin ƙarshe har da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake biya tun Yuli 2020, da kuma sharaɗin mayar maka da kuɗinka idan ranar ta wuce. Ka tambayi ƙasar da ake haɗa motar, ka tambaya ko tana sito, ko tana jirgi, ko ba a ma ƙera ta ba tukuna. Idan buƙatarka ta gaggawa ce, ka haƙura da launi da ƙyale-ƙyale ka ɗauki wadda ke tsaye a gabanka. Idan kuma kuɗin jama'a ne a hannunka, ka tafi da shaidu biyu cikin dattawa, ka karanta wa taro takardar kafin ka sa hannu. Da na yi haka da Iya ba ta tare ni a ƙofar gida ba.

Wannan maganin yau ne. Na gobe kuwa yana wurin ƙera motar. Mahukuntan Saudiyya sun gane cewa ƙasar da ke sayen motoci dubbai ɗaruruwa kowace shekara bai kamata ta zauna tana kallon teku ba. An daɗe ana haɗa manyan motocin Mercedes a nan Jidda tun shekarun 1970, Isuzu ma ya buɗe wajen haɗa nasa a Dammam a 2012, amma a wancan lokacin ƙananan motoci duk daga waje suke zuwa. A Nuwamba 2022 asusun zuba jari na gwamnati ya kafa kamfanin Ceer tare da Foxconn na Taiwan domin ƙera motoci masu amfani da lantarki. A Satumba 2023 kamfanin Lucid na Amurka ya buɗe masana'anta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, kusa da Rabig, tafiyar kimanin kilomita 100 arewa da Jidda, inda ya fara da haɗa motoci dubu 5 a shekara daga sassan da ake kawowa daga jihar Arizona. A Oktoba 2023 aka ƙulla yarjejeniya da Hyundai ta masana'anta mai yin mota dubu 50 a shekara, aka aza harsashinta a 2025 a wannan yanki. A watan na Oktoba ne kuma aka sanar da shirin masana'antar taya tare da Pirelli na Italiya.

Wani zai ce to ai matsala ta ƙare. Ni kam na ce a bi a hankali, domin mu 'yan asalin Nijeriya mun san wannan labari. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, Fijo 504 da iyayenmu ke ba mu labarinta har yau. An yi Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, ga kuma kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano. Amma sassan daga waje ake kawo su, har akwai lokacin da jiragen sama ke jigilar kayan Fijo daga Lyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda ya kamata ta ciyar da su, ba a kammala ta ba. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, darajar naira ta karye daga 1986, sai kuɗin sayo sassan ya gagara, masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshenta ƙasar da ta taɓa haɗa sabbin motoci ta koma jiran tsofaffin Turai ta tashar Kwatano. Darasin a bayyane yake: wanda ke ɗaura kusoshi a kan sassan da wani ya ƙera, shi ma ɗan layi ne, illa dai ya matsa gaba kaɗan. Innoson da ke Nnewi da kamfanin Dangote da ya farfaɗo da haɗa Peugeot a Kaduna a 2022 sun cancanci yabo, amma muddin ba a yin ƙarfe da taya da batir da gilashi a gida, kuma wutar lantarki ba ta tsaya ba, ana nan inda ake.

A nan nake son in juyo kan 'yan uwana matasa. Na san abin da za ku ce, kuma gaskiya ne: guraben aiki a waɗannan masana'antu 'yan ƙasa za a fara ba, da yawanmu kuwa takardunmu ba su kai ba, duk da a nan aka binne cibiyarmu. Ban musa ba. Amma waɗanda Allah Ya ba takardun ɗan ƙasa a cikinmu, me ya hana su neman shiga makarantar koyon aikin mota ta haɗin gwiwar Saudiyya da Japan da ke nan Jidda tun 2002? Sauranmu kuma, motocin da za su fito daga Rabig da waɗanda ke kwararowa daga Sin duk za su buƙaci masu gyara, kuma gyaran motar yanzu ya koma na kwamfuta da wayoyi da batir, guduma da sifana kaɗai ba sa isa. Yaron da ya iya karanta na'urar gano cutar mota, ya iya aikin lantarkinta, ba zai rasa abinci ba a Sana'iyya, in kuma wata rana zama ya ƙare aka koma Kano ko Maraɗi, sana'arsa tana hannunsa, babu jami'in da zai ƙwace ta a filin jirgi. Mu a ƙungiyarmu mun riga mun tura yara huɗu wurin wani ubangida mai gyaran lantarkin mota, muna biya musu kuɗin abinci daga asusu.

Ina kira ga ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda da ya taimaka wa matasanmu wajen samun fasfo da gyara takardu, don sai da su ake shiga kowace makarantar sana'a. Ina kuma kira ga gwamnonin Arewa da ke zuwa umra da hajji kowace shekara, su ware yini ɗaya su je su ga abin da ake ginawa a Rabig, su koma su dubi kufan masana'antun Kaduna da Kano da Bauci, su tambayi kansu abin da ya kashe su.

Motarmu dai tana aiki. Yau da asuba ma ita ta kai tsofaffi biyu wankin ƙoda, Iya kuma ta sa mini albarka a gaban jama'a, ta ce in yafe mata zaton da ta yi. Na ce mata babu komai, ai ni na jawo, tunda na karɓi takardar da ba ta da rana. Allah Ya sa mu dace.

Daga wani shugaban matasa, Jidda, Saudiyya.